An ɗauke ni aikin kimanta filaye da gidaje a hukumar gwamnati: me zan tarar a ciki?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki daga ciki. Na karanta fannin kula da kadarori da kimanta su, kuma tun da na gama makaranta nake aiki a wani kamfani mai zaman kansa, inda mafi yawan abin da muke yi shi ne kimanta gidajen da za a ba banki jingina, sai ɗan abin da ba a rasa ba na masu saye da sayarwa. Yanzu wata hukumar gwamnati ta ɗauke ni, kuma takardar da aka ba ni ta nuna cewa zan riƙa kimanta filaye da gine-ginen da hukumar za ta karɓa don shimfiɗa hanyoyi da sauran ayyukan jama'a, wani lokaci kuma a tura ni in taimaka wa sashen da ke sanya wa gidaje daraja saboda haraji.

Abin da ya hana zuciyata kwanciya shi ne, a kamfani duk wanda ya shigo wurinmu da ƙafarsa ya zo. A nan kuwa mai gidan bai ce zai sayar ba, kuma hukumar da za ta biya shi diyya ita ce take biyana albashi. Shin mutum zai iya riƙe gaskiyarsa a irin wannan matsayi? Ta fuskar aikin kansa kuma, da me ya bambanta da wanda na saba? Wasu abokaina suna cewa zan manta rabin abin da na koya domin aikin gwamnati cika fom ne kawai, wasu kuma suna cewa a can ne ake koyon sana'ar ta gaske. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka yi.

Dattijo Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sanya alheri a cikin sabon aikin. Na yi wannan sana'a har na ajiye, kuma mafi yawan shekaruna a ɓangaren diyya na yi su, saboda haka a kansa zan tsaya, in bar maganar haraji ga waɗanda suka fi ni saninta.

Abokanka da suka ce cika fom ne ba su taɓa tsayawa gaban alƙali suna kare alƙaluman da suka rubuta ba. Hanyoyin kimantawa dai su ne waɗanda ka sani: ko ka kwatanta kadarar da makamantanta da aka sayar, ko ka lissafa darajarta daga kuɗin hayar da take kawowa, ko ka ƙiyasta abin da za a kashe a sake gina irinta sannan ka cire na tsufa. Abin da ya canza shi ne wanda kuskurenka zai faɗa wa. A aikin banki, idan ka ɗan yi ƙasa-ƙasa da daraja, sai a ce ka yi taka-tsantsan, iyaka a rage bashin da za a bayar. A aikin diyya babu ɓangaren da za ka karkata ka ce ka kauce wa haɗari, domin duk abin da ka rage daga haƙƙin mutumin da bai nemi a zo masa ba ka rage shi, duk abin da ka ƙara kuma daga dukiyar jama'a ka ɗebo shi.

Ma'anar darajar kasuwa da kusan kowa yake aiki da ita a yau, wadda majalisar tsara ƙa'idojin kimantawa ta duniya, wato IVSC, ta ajiye, ita ce kuɗin da ake ƙiyasin kadara za ta yi a wata rana ƙayyadaddiya, tsakanin mai saye da mai sayarwa waɗanda kowannensu ya yarda don kansa, babu wata alaƙa a tsakaninsu, an tallata kadarar yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi, kuma babu wanda aka tilasta. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Mutumin da za ka shiga gidansa tilasta shi aka yi, amma aikinka shi ne ka kimanta gidan kamar da son ransa yake sayarwa. Zai gaya maka cewa a ɗakin nan aka haifi 'ya'yansa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai mai saye a kasuwa ba ya biyan kuɗin wannan. Dole ne ka koyi sauraron irin wannan magana har ƙarshenta ba tare da ka katse mai yin ta ba, kuma ba tare da ka yi masa alkawarin da lissafinka ba zai iya cikawa ba.

Abu na biyu da ba ka ci karo da shi a aikin banki ba shi ne cire tasirin aikin da ake karɓar filin dominsa. Da zarar labari ya fita cewa za a yi hanya, farashin yankin yakan motsa. Wasu filaye su tashi saboda ana hasashen kasuwa za ta buɗe, wasu gidaje su faɗi saboda babu mai son sayen abin da za a rushe. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi ita ce a kawar da kai daga tashin da faɗuwar baki ɗaya, a kimanta wurin kamar ba a taɓa tunanin aikin ba. Masu bin tsarin shari'ar Ingila suna kiranta ƙa'idar Pointe Gourde, daga wata shari'a ta 1947 da ta taso daga Tirinidad, inda aka karɓi wani fili mai wurin fasa dutse domin gina sansanin sojojin ruwan Amurka. An nemi a ƙara wa masu filin kuɗi saboda ginin sansanin zai ci dutse mai yawa, sai kotun ƙarshe da ke Landan ta ce ƙarin darajar da aikin kansa ya haifar ba ya shiga diyya. A aikace, ma'anar wannan a wurinka ita ce cinikin da aka yi a bakin layin hanyar bayan sanarwa ba hujja ba ne. Sai ka nemi makamancinsa a unguwar da aikin bai taɓa ba, ko ka koma cinikin da aka yi kafin labarin ya bazu, ka daidaita shi da tafiyar kasuwa ta gaba ɗaya.

Inda sana'ar take fitowa sosai shi ne lokacin da ba duk kadarar za a karɓa ba, yanki kawai za a gutsura. Na taɓa kimanta wani shagon kayan gini da faɗaɗa titi zai ci mita huɗu daga gabansa. Ginin kansa ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba, kuma a kan taswirar injiniya wani siririn layi ne, wanda duk mai kallonsa daga ofis zai ce diyyar ba ta wuce kuɗin 'yan murabba'in mitocin nan ba. Da na je da safe na tsaya a wurin, sai na ga a daidai wannan fili ne manyan motoci suke ja da baya su sauke siminti da rodi, a nan ne kuma masu saye suke tsayar da motocinsu a loda musu kaya. Bayan aikin, ƙofar shagon za ta buɗe ne kai tsaye a bakin lambatu. Babu mai sayar da kayan gini da zai sake karɓar hayar wurin a kuɗin da, sai dai mai ƙaramar sana'ar da ba ta buƙatar mota ta tsaya. A irin wannan sai ka kimanta kadarar gaba ɗaya kafin a yanka, ka sake kimanta abin da ya saura bayan an yanka, bambancin da ke tsakani shi ne asarar. A wannan shago bambancin ya ninka kuɗin yankin da aka gutsura, kuma ba zan gane haka ba da a kan taswira na tsaya. Gani ya kori ji.

Saboda haka kada ka taɓa duba wuri a bayan idon mai shi. Dokar da Amurka ta yi a 1970 kan karɓar kadarori don ayyukan gwamnatin tarayya ta wajabta a ba mai kadara damar zagayawa tare da mai kimantawa, ta kuma hana hukuma ta yi masa tayin da ya gaza darajar da aka amince da ita a rahoto. Ko da dokar ƙasarka ba ta wajabta haka ba, ka mayar da shi ɗabi'arka. Mai gida ne zai nuna maka cewa tushen ginin na bene aka haƙa ko da yake hawa ɗaya aka yi, shi zai nuna maka inda bututun ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Kuma mutumin da ya ga ka auna kowane ɗaki da hannunka, ka rubuta abin da ya faɗa a gabansa, ya fi sauƙin karɓar sakamakon ko da bai kai yadda ya so ba.

Ma'aikaciyar Sashen Haraji ta amsa:

Ƙanena, barka da samun aiki. Baba ya yi bayanin diyya yadda ba zan iya ƙara komai a kai ba, ni kuma zan taɓa ɗaya ɓangaren da ka ambata, domin duk da sunansu ɗaya, kusan sana'a biyu ce daban.

A diyya kana zama da kadara ɗaya ka tattake ta. A haraji kuwa ana miƙa maka dubban gidaje ne a ce duk a sanya musu daraja a rana ɗaya ƙayyadaddiya, kuma babu yadda za a yi ka shiga kowanne. Abin da muke yi shi ne mu tattara cinikin da aka yi a 'yan shekarun baya, mu haɗa shi da bayanan kowane gida, wato girman fili, girman gini, shekarunsa, irin kayan da aka yi shi da su da unguwar da yake, sannan mu gina tsarin lissafi a kwamfuta wanda zai nuna nawa kowane ɗayan waɗannan abubuwa yake ƙarawa ko yake ragewa. Wannan tsari ne ake ɗorawa a kan gidajen da ba a sayar ba. Idan ba ka ƙware a ilimin ƙididdiga da taswirar kwamfuta ba, ka fara koyo tun yanzu, domin mafi yawan ranakunka a nan gyaran bayanai ne: gidan da rajista ta ce ɗaki uku ne alhali hoton sama ya nuna an ƙara ɓangare guda, ko filin da aka rubuta babu komai a kansa alhali an yi shekaru da ginawa.

Abin da muka fi damuwa da shi shi ne daidaito tsakanin maƙwabta. Idan gidaje biyu iri ɗaya suna kallon juna, ɗaya yana biyan ninkin na ɗaya, to mun gaza, ko da jimillar harajin da aka tara ta yi daidai. Muna gwada kanmu ne ta hanyar raba darajar da muka sanya da ainihin kuɗin da aka sayar da gidan. Ƙungiyar jami'an kimanta haraji ta duniya, IAAO, tana ganin matsakaicin wannan rabo ya kamata ya tsaya tsakanin 0.90 da 1.10. Sai dai matsakaici yana iya yin kyau alhali akwai zalunci a ɓoye a ƙarƙashinsa, kuma wannan ne ciwon da ya fi damuna a aikin nan. Tsarin lissafi yakan janyo komai zuwa tsakiya, sai ya ɗaga ƙananan gidaje sama da darajarsu, ya sauke manya ƙasa da tasu. Daga nan kuma masu hali ne suke da lauyoyin da za su shigar musu da ƙorafi a sake rage musu, talaka kuwa ya biya abin da aka rubuta masa bai ma san yana da damar yin magana ba. A 2017 jaridar Chicago Tribune ta bankaɗo irin wannan a gundumar Cook da ke Amurka, inda ta nuna an daɗe ana ɗora wa gidajen marasa ƙarfi nauyin da ya fi nasu, kuma shugaban ofishin, wanda zaɓensa ake yi, ya faɗi zaɓen fitar da gwani a 2018. Saboda haka duk lokacin da aka ba ka sakamako, ka raba gidajen rukuni-rukuni bisa tsadarsu ka duba rabon kowane rukuni daban.

Matsala ta biyu ita ce tsufan rajista, kuma wannan ba laifin mai kimantawa ba ne, tsoron 'yan siyasa ne, domin duk sabon kimantawa yana ƙara wa wasu haraji, su kuwa waɗanda aka ƙara wa sun fi waɗanda aka rage wa ɗaga murya. A Ingila harajin gidajen zama da aka fara a 1993 har yanzu yana tafiya ne a kan darajar ranar 1 ga Afrilu, 1991. A Jamus sai da kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2018 cewa ba za a ci gaba da haka ba, domin ana amfani ne da darajar 1964 a yammacin ƙasar, a gabashi kuma ta 1935. An sake kimanta kadarori kusan miliyan 36, sabon tsarin ya fara aiki a 2025. Idan ƙasashe masu cikakkun bayanai sun yi irin wannan jan ƙafa, kada ka yi mamakin abin da za ka tarar a kowace rajista.

Wani abu kuma da za ka riƙa maimaitawa ga jama'a shi ne cewa kai daraja kake sanyawa, masu mulki ne suke yanke kason da za a biya a kanta. Mutum zai zo teburinka a fusace da takardar haraji a hannu. Ka zaunar da shi, ka buɗe masa bayanan gidansa, ku bi su layi-layi. Sau da yawa a nan ne za a gano cewa an rubuta masa girman da ba nasa ba, a gyara, ya tafi. Wani lokacin kuma bayanan daidai suke, sai ka nuna masa cinikin gidaje uku ko huɗu na kusa da shi.

Lauyan Masu Filaye ya amsa:

Malam Sabon Hannu, ni daga ɗaya gefen teburin nake, domin aikina shi ne in tsaya wa waɗanda aka karɓi kadarorinsu, saboda haka rahoton irinku shi ne abin da nake kwana ina karantawa. Ina girmama Baba ƙwarai, kuma duk abin da ya faɗa haka yake, amma akwai wurin da nake ganin bai kamata a wuce da sauri ba. Darajar kasuwa, ko da an lissafa ta ba kuskure, sau da yawa ba ta mayar da mutum inda yake. Ka ɗauki tsohon gida da iyali suke ciki, rufinsa ba ya yoyo, kowa yana da wurin kwana. Idan ka lissafa kuɗin sake gina shi ka cire na tsufa, abin da ya rage ba zai gina rabinsa ba, su kuma ba za su sami tsohon gida irinsa a shirye yana jiransu ba. A takarda an biya su cikakkiyar daraja, a zahiri an bar su a waje.

Masu tsara doka a wurare da yawa sun gane haka. Ƙa'idar Bankin Duniya ta biyar kan muhalli da zamantakewa, wadda ta fara aiki a 2018, ta ce a ayyukan da bankin ya ba da kuɗi a biya kuɗin maye gurbi ba tare da cire na tsufa ba, a haɗa da kuɗin da ake kashewa wajen ciniki da takardu, kuma waɗanda ba su da shaidar mallakar fili a biya su gine-ginensu a taimaka musu su sake zama. Indiya ta maye gurbin dokarta ta 1894 da wata a 2013, wadda ta ƙara kashi 100 cikin 100 a kan diyya saboda tilascin da aka yi wa mai fili. A Ingila mai gidan da aka tayar daga inda yake zaune yana samun ƙarin kashi 10 cikin 100 na darajar gidan, tare da ƙayyade mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za a biya, ban da kuɗin ƙaura da asarar kasuwanci. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, kafin ka fita da tef ɗin awo, ka san a ƙarƙashin wace doka ko wace yarjejeniya ake wannan aiki, domin gida ɗaya yana iya samun diyya iri biyu mabambanta gwargwadon wanda ya ba da kuɗin aikin. Kuma idan doka ta ba mutum haƙƙin da bai san da shi ba, kamar kuɗin ƙaura ko asarar da ɗan haya ya yi, ka rubuta masa shi ko bai nema ba.

Bari kuma in gaya maka inda nake kama masu kimantawa a kotu, domin ka toshe tun da wuri. Na farko shi ne cinikin da aka kafa hujja da shi. Ina tambaya: wa ya gaya maka wannan farashi, ka ga takardar cinikin, ka yi magana da mai saye ko dillalin, ka tabbata ba tsakanin 'yan'uwa aka yi shi ba, ba kuma gwanjon wanda bashi ya ci ba ne? Wanda ya ɗauko farashin da aka nema a talla ya kira shi ciniki, a nan yake faɗuwa. Na biyu shi ne ragi ko ƙarin da ba a faɗi dalilinsa ba, a ce an rage kashi 15 saboda wuri, amma ba a nuna daga ina 15 ta fito ba. Na uku shi ne kason ribar da aka yi amfani da shi a kadarar haya, wato kashi nawa cikin 100 na darajar kadarar ake ɗauka hayar shekara take kawowa. A ce hayar shekara bayan cire ɗawainiya miliyan 10 ce, da kowane irin kuɗi. Idan ka ɗauki kashi 8, darajar miliyan 125 ce, idan ka ɗauki kashi 10 kuma miliyan 100 ce. Tazarar miliyan 25 ke nan daga lamba ɗaya da wasu suke rubutawa ba tare da jimla ko ɗaya ta bayani ba. Akwai kuma jinkirin biya, wanda ba a hannunka yake ba, amma ka rubuta ranar kimantawa ɓaro-ɓaro domin idan an yi shekaru ba a biya ba, kotu ta sami inda za ta tsaya ta yi lissafi.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Yaya da Barista. Allah Ya saka da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Saura tambayar da ta fi tsaya mini a rai, kuma Baba nake so ya taimaka mini da ita. Idan na gama rahotona na miƙa, sai shugaban sashe ya kira ni ya ce kuɗin da aka ware wa aikin ba zai ɗauki wannan ba, in koma in sake dubawa, yaya zan yi, ina sabon ma'aikaci wanda ko tabbatar da shi ba a yi ba?

Dattijo Mai Ritaya ya sake amsawa:

Za a gaya maka haka, ɗana, kuma da kusan waɗannan kalmomin. Abu na farko shi ne ka bambance gyara da matsin lamba. A hukumar da ta san aikinta akwai mai bitar rahoto, wanda ya fi ka gogewa, kuma idan ya ce cinikin nan da ka kawo bai yi kama da kadarar ba, ko ka ƙidaya abu ɗaya sau biyu, to ka saurara da kyau, ka gyara idan yana da gaskiya. Wannan hujja ce ta kasuwa. Kasafin kuɗi kuwa ba hujja ba ne a kan darajar gidan kowa, domin gidan ba ya raguwa don aljihun mai karɓarsa ya yi ƙasa. Ba sai ka ɗaga murya ba. Ka ce cikin ladabi: ranka ya daɗe, idan akwai cinikin da ban gani ba ko kuskure a lissafina, a rubuto mini zan duba. Wanda yake da hujja zai rubuto, wanda ba shi da ita da wuya ya sa hannu a takarda. Hukuma tana da hanyoyinta idan kuɗi bai isa ba: ta karkata layin hanyar, ta raba aikin kashi-kashi, ko ta nemi ƙari, kuma za ka iya taimaka mata da lissafin kowanne. Kada kuma ka ɗauka a gwamnati kaɗai ake wannan. Matsin da masu ba da bashi suka riƙa yi wa masu kimantawa su ɗaga darajar gidaje yana cikin abubuwan da aka yi kuka da su bayan rikicin kuɗi na 2008, har Amurka ta sanya kariyar 'yancin mai kimantawa a dokar da ta yi a 2010.

Matsin da ya fi haɗari ma daga ɗaya ɓangaren yake zuwa. Za ka ga kango ya tashi cikin dare a kan layin hanya, ko an dasa itatuwa jiya ana cewa sun shekara, ko wani ya ja ka gefe ya ce ka ƙara adadi a raba. Maganin wannan shi ne ranar rufe ƙidaya da aka sanar wa kowa, da hoton kowane abu mai ɗauke da kwanan wata da lambobin wurin, da sa hannun mai kadara a takardar awo tun a filin. Kada ka karɓi kyauta komai ƙanƙantarta daga wanda kake kimanta kadararsa. Kada ka sayi fili a yankin da ka san aiki zai bi, kada kuma ka tsegunta wa ɗan'uwa ya saya. Idan kadarar wani naka ta faɗo a cikin jerin, ka sanar a rubuce a ba wani.

Game da maganar Barista, na yarda da shi. Mai kimantawa ba zai gyara doka da alƙalaminsa ba, kuma bai halatta ya kumbura daraja don tausayi ba, amma babu abin da ya hana shi ya ware sakin layi a rahoto ya ce abin da doka ta ba wannan iyali ba zai sama musu wani matsuguni ba, ga kuma abin da maye gurbin zai ci. Na sha yin haka, kuma akwai lokutan da masu yanke shawara suka karanta suka nemo hanyar taimakawa.

Kafin ka kama aiki ka tambaya ko akwai mai kimantawa da ƙungiyar sana'a ta yi wa rajista a sashen da zai riƙa sa hannu a kan horonka, domin ƙungiyoyin sana'a suna ƙidaya gogewar da aka yi ƙarƙashin kulawa ne. A tsarin RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu awo da kimanta kadarori wadda aka kafa a Landan a 1868, mai sabon digiri yakan yi wata 24 na horo kafin gwajin ƙarshe, a Amurka kuma babban lasisin yana buƙatar awa 3,000 na aiki. Idan babu irin wannan mutum a sashenku, ka nemi a haɗa ka da wani daga waje tun yanzu. A makonninka na farko kuma ka roƙi mai ajiyar fayil ya fito maka da tsofaffin shari'o'in da hukumar ta yi a kan diyya, waɗanda ta ci da waɗanda aka kayar da ita, ka karanta rahoton hukuma, ka karanta na mai fili, sannan ka karanta abin da alƙali ya ce a kan kowanne.